Tambayar da Ba Ta Cikin Jarrabawa

Auta ta kammala jarrabawar karanta labarai ba tare da harshenta ya sarƙe ko sau ɗaya ba. Dogo, ɗan ajinsu mai riƙe da kyamara, ya taho wurinta.

"Wallahi kin cinye! Amma ni ma ina da tambaya." Ya rage murya. "In turo kawunnaina gidanku?"

Ta sunkuyar da kai tana murza takardar hannunta, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"Sai yau bakinka ya buɗe? Turo su mana."

Sai muryar malaminsu ta fito ta lasifika: "Makirfo a kunne yake fa! Duk ajin mun shaida. Allah ya sanya alheri."

Ihu da tafi suka kaure. Auta ta rufe fuska tana dariya.