Rijiyar da Muka Bar Kaka

Ina 'yar shekara bakwai muka bar Jidda a ƙafa zuwa Madina, cikin ayarin mutanenmu. Kwana na biyar da la'asar muka yada zango bakin wata rijiya. Nan ƙafafun kakata suka kumbura, ko tsayuwa ta gagare ta.

Madugu ya ce ruwan gaba da nisa, ba za a jira ba. Babana ya durƙusa ya ce, “Inna, hau in goya ki.”

“Tashi, sarkin ƙarfi! 'Ya'yanka uku fa, da haƙori za ka ɗauke su?”

Aka bar ta wurin wasu Larabawa masu awaki, sai mun dawo. Na riƙe zaninta ina kuka, yana ƙamshin man shanu da hayaƙi. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya, ta ce, “Ki gaishe min da Manzon Allah. Ki ce ƙafa ce ta ƙi, ba ni ba.”

Da muka dawo, masu awakin sun tashi, ba Kaka ba labarinta.

Yanzu jikokina kan ce, “Yalla Hajiya, taso mu je Madina a mota!” Nakan ce su je. Wallahi ban san rijiyar da zan ce direba ya tsaya ba.