Koriyar Ciyawar Yolanda

Da sassafe Wendell Ostrander ya tsaya bakin shinge yana hararar ciyawar maƙwabciyarsa. Koriya shar, a jihar Nevada ta Amurka, ana tsakiyar fari!

Dokar garin ba kwana-kwana: a tuge ciyawa, a zuba tsakuwa, a shuka tsirran hamada. Wanda aka kama yana ban-ruwa a rage masa ƙarfin famfo, a kuma kira sunansa a taron unguwa. Wendell ne ya fara bin dokar. Da hannunsa ya tuge tasa, ya kwance kawunan feshin ruwa daga jikin bututu ya watsa a shara, ya binne komai da tsakuwa kafin la'asar, don a ganinsa kiran ma'aikaci sai rago. Aka kafa masa allo a ƙofar gida: Gidan Koyi. Tun daga ranar kansa ya kumbura, kowa ɓarawon ruwa ne a idonsa.

Yanzu allon nan yana lilo. Tsirransa na jikin shinge sun yi ɗorawa suna ruɓewa, ga masu duba gidaje suna tafe ranar Asabar. Tsiron hamada ba abin da ke kashe shi kamar yawan ruwa, kuma Wendell ya san mai laifi.

"Yolanda, ba kya jin kunya? Mutane na wanka da kofi, ke kina shayar da ciyawa!"

Tsohuwar ta kurɓi kofinta daga kan kujera. "Wendell, ni na rufe ban-ruwa tun kafin ka san da dokar. Ita ta ga dama ta fito."

"Ta ga dama! To mala'iku ne ke miki aikin."

Ya buga wa ofishin ruwa waya, ya bi gida-gida yana gayyatar maƙwabta su zo kallo. Rana dubu ta ɓarawo, in ji shi, rana ɗaya ta mai kaya.

Wata ma'aikaciyar ofishin ta iso da shebur. Ta leƙa mitar ruwan Yolanda, ba ta ko motsi. Ta dubi filin, ta ga koren a gefen shinge kawai yake, sauran duk a ƙone. Ta kafa shebur a wurin. Sara kaɗan sai taɓo, sai ga bakin bututu a buɗe, ruwa na bulbulowa.

Daɗi ya kama Wendell har kunne. "Kowa ya gani! A rage famfon, a kira sunan, kada a duba tsufa!"

"Ba za a duba ba, Mista Ostrander," in ji ma'aikaciyar.

Ta bi bututun tana tona, ya ratsa ƙarƙashin shinge, ya shige cikin tsakuwa, ya miƙe sak zuwa bangon gidan da aka rubuta wa Gidan Koyi.