Allon Ofis Ya Yi Kore

Allon da ke bangon ofis ya sake yin ja, idanun Manaja suka fi shi ja.

"Injiniya! Abin nan ya ƙara canza launi kafin a tashi, ka kwashe kayanka. Ƙanwata ta yi kukanta, ni zan rarrashe ta."

Injiniya mijin ƙanwar Manaja ne. Da roƙonta da hawayenta ya samu aikin nan a kamfanin kai tukunyar gas gida-gida. Ya ja ƙofar ɗakin babbar kwamfuta yana ƙunƙuni.

Duk harkar kamfanin a cikin kwamfutar nan take. Kowace manhaja tana zaune a kwantenarta, wato ɗan keɓaɓɓen ɗakinta a cikin kwamfutar, an yanka mata kasonta na ƙwaƙwalwa. Wadda ta ci fiye da kasonta, kwamfuta ta kashe ta nan take, babu shari'a. Wanda ya kafa tsarin, kafin Manaja ya kore shi, ya sa doka: duk wadda ta mutu ta tashi da kanta. Kowane tashi kuwa, allon ya yi ja.

Kwantena huɗu ce, kuma mutumin bai ba su suna ba, lamba kawai ya manna musu. Uku sai faɗuwa da tashi suke kamar 'yan maye. Ta huɗun ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba.

Haba! Ai ko a gida ba a raba tuwo haka. Mai ƙwazo da ragwaye, kaso ɗaya? Manaja da kansa kullum cewa yake a ƙara wa mai aiki, a rage wa malalaci. Injiniya ya zaftare kason ukun nan, ya jibga wa ta huɗun. Sannan ya nemo dokar tashi ya share ta. Daga yau ba mai sake tashi sai da izininsa.

Allon ya yi kore shar.

Aka yi awa guda, kore. Rana ta take, kore. Fankar kwamfutar da ta saba gurnani kamar tsohon janareta ta koma shiru. Mai karɓar ƙorafi ta samu sararin gyara farcenta. A tsakar gida 'yan babur suka jingina da bango, wani na kallon ƙwallo a waya, wani ya rufe fuska da hula.

Manaja ya fito ya tsaya gaban allon, ya harɗe hannu a baya.

"Kun gani? Yau ko ƙorafi ɗaya babu. Ƙanina, ashe kai ne maganin gidan nan! Aiki ya zama naka."

Har shayi ya sa aka kawo masa, a kofin baƙi.

Injiniya yana kurɓa wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, gas ya ƙare mini ina tsaka da girki. Tun safe nake danna manhajarku, ta ƙi buɗewa. Na je wurin ƙorafi, shi ma ya ƙi. Ka ce wa Yaya ya turo mini tukunya mana."

Ya ajiye kofin a hankali. Ya leƙa ta taga: tukwanen gas jere, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ya koma ɗakin kwamfuta, ya kira jerin kwantenonin.

Ta ɗaya, mai karɓar oda, ta mutu tun safe. Ta biyu, mai tura 'yan babur, ta bi ta. Ta uku, mai karɓar ƙorafi, haka. Duk suna kwance cikin ladabi, suna jiran izininsa.

Mai ƙwazon nan kaɗai ce a raye, ta ƙoshi, tana aikinta babu gajiya. Sai yanzu ya buɗe ya duba mene ne aikin nata: ita ce mai zana allon bango.