Wutar Gidan Malam

Suna sauke kwanon ƙarshe na rumfar majalisarsu a Kusfa, Malam ya sake jero hujjarsa.

"Kwana da kwanaki ba a ɗauke wuta a gidana ba. Gwamnati ba ta barin wuta sai babban baƙo na tafe. Baƙo kuwa sai an faɗaɗa masa hanya. Gara mu cire rumfarmu kafin a rushe ta."

Suka zauna cikin rana suna jiran katafila.

Matarsa ta leƙo daga zaure. "Malam, wace gwamnati? Sola ce, mai aiki da hasken rana, ɗanka ya sa mana da ka je Kaduna."

Malam ya dubi abokansa. "Ku gidajenku fa?"

"Duhu, Malam. Hujjar ce dai ta yi mana daɗi."