Hannun da Ba Ya Shuka

"To Gwaggo, nuna mana naki," in ji yarinyar, tana jera gwangwanayen tumatir shida a baranda.

Tun tana ƙarama Gwaggo ta yanke mata hukunci cewa hannunta ba ya shuka, duk abin da ta dasa sai ya bushe. Ta yarda da haka, har ranar da malamin kimiyya ya tambaye ta, "Wa ya taɓa gwadawa?"

Da ƙyar ta lallaɓi Gwaggo ta yarda su yi gwaji. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, kowacce ta shuka uku. Baba ya yi wa gwangwanayen alama a ƙarƙashi, ya cakuɗa su, shi ke ba su ruwa.

Yanzu duk sun yi kore shar. Gwaggo ta gyara tabarau, ta dafa wanda ya fi ganye.

"Ko a duhu na san aikin hannuna."

Baba ya ɗaga gwangwanin ya leƙa, dariya ta ƙwace masa. Alamar yarinyar ce.

Gwaggo ta murtuke fuska. "Sau ɗaya ba hujja ba ce. A sake!"

Yarinyar ta daka tsalle ta rungume ta. "Gwaggo, wallahi haka ake kimiyya!"