Ƙaramar Ƙofar da Fasto Ya Gyara

Wouter mai zane na ɗaga takardar daga kan farantin jan ƙarfen da yake buga hoto da shi, matarsa Aaltje ta leƙo ta ce, "Kai da ko birnin Utrecht ba ka taɓa takawa ba, ina ka ga haikalin Annabi Sulaimanu?"

"Ilhama ce, uwargida."

Ilhamar nan kuwa kullum da la'asar yake fita nemanta a bakin tashar jiragen ruwa, ya dawo yana tafiya kamar agwagwa.

Lamarin fa ba na wasa ba ne. Hoton zai shiga sabon bugun Littafi Mai Tsarki, kuma sai Fasto Bogaert ya sa albarka. In ya ce akwai saɓo a ciki, ƙungiyar masu zane za ta kori Wouter, a kwashe masa injin bugawa. Shi kuwa Fasto ba ya ɗaukar wargi. Ko Lahadin da ta wuce, daga kan mumbari ya tura rabin mashayan garin Hoorn wuta, har da kiran suna.

Fasto ya iso da dattawan coci, ya ɗora tabarau a hanci. Wouter na tsaye a gefe. Abin da ya gani ya zana, ya ƙara masa ginshiƙai da hasumiya, ya kuma manta abin da kowane mai sana'ar ya sani: dama a kan faranti, hagu take fitowa a takarda.

Fasto ya bi tagogi, ya bi rufi, yana gyaɗa kai. "Madalla. Sai dai ƙaramar ƙofar nan, ɗana. Ai ba a hagu take ba, a dama take. Kuma ba ta kai haka tsawo ba, sai mutum ya sunkuya."

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah! A wace sura aka faɗa, Fasto?"

Kunnuwan Fasto suka yi ja wur.

Wouter ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka fi ni sanin wurin."

Nan take Fasto ya sa albarka, ya ce kada a taɓa ko ɗigo, ya fice har yana mantawa da hularsa. Dattawa suka bi shi suna jinjina zurfin iliminsa.

Wouter dai ɓangaren baya na gidan giyar tasha ya zana, kuma wannan ƙofar, sai wanda ba ya son a gan shi yake bi ta nan.