Zoben Tsamiya

Tun da aka sa wa kowace bishiya zoben ƙarfe mai gadi da ke gane mai hawa, ma'aikacin babban kamfani kaɗai ke sare reshe. Wanda ya karya dokar, sai gidan yari.

Tanimu, mai gyaran bishiya da gatarinsa, ya dubi reshen tsamiyarsu da ya tsage, yana lilo bisa ɗakin Inna. Ƙanensa Sabi'u ya iso cikin rigar kamfani.

"Yaya, layinku na sare reshe sai bayan wata uku."

"Uwarka ke kwana a ciki, ɗan haya."

"Ɗan hayan ke ciyar da ita."

Tanimu ya yi wa tsamiyar sallama, yadda Baba ya koya musu, ya hau. Zoben ya amsa sallamar, ya kira cikakken sunansa.

Sabi'u ya ciro waya don kai rahoto, bai ɗago kai ba. Tanimu ya kai saran farko.